Gangar da Aka Taɓa a Legas

Muzammil ya sake afkawa wani ramin, babur ya yi tsalle, Malam Da'u ya dafe hula da hannu ɗaya, ya damƙi ƙarfen baya da ɗayan. Bai ce masa ya rage gudu ba. Tun da suka baro Gaya yaron bai buɗe baki ba, sai murɗa hannun babur yake yi, kai ka ce shi ya yi masa laifin. Motocin 'yan kasuwa na ta wuce su, an ɗaure buhunan gyaɗa da awaki a sama, duk Ajingi suka nufa don ranar kasuwa ce. Kowa da abin da zai je ya sayar. Shi kuwa Malam Da'u, magidanci mai shekara hamsin da ɗoriya, babban jami'i a ofishin gona, zai je ne ya yi wa surukai bayanin yadda aka yi ya iya kiɗa.

Muzammil ɗansa ne na fari, malamin asibiti ne a Gaya, kuma shi ne mai neman auren. Yarinyar, Zuhra, 'yar Ajingi ce. An yi gaisuwa, an kai kaya, danginta sun zo Gaya sun yi binciken asali sun koma da murna, saura sa rana kawai. Sai ga waya jiya da la'asar daga baffanta, Alhaji Maiwada, wai akwai 'yar magana da suke so su ji daga bakin uban ango kafin a ci gaba. Bai faɗi maganar ba, ba ma sai ya faɗa ba. Duk mai babbar waya a Gaya da Ajingi ya riga ya kalle ta.

Legas ce ta jawo. Makon jiya aka tura shi da abokan aikinsa can taron bita a kan taki. Ranar ƙarshe masu taron suka ce bai kamata baƙi su koma gida ba su ga gari ba, aka zuba su a doguwar mota aka kai su babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa, wai yawon buɗe ido. Malam Da'u ya so ya zauna a masauki ya miƙe ƙafa, abokin aikinsa Kamalu ya ja shi, ya ce ai kyauta ne. To, ba a taɓa jin ma'aikaci ya ga kyauta ya kau da kai ba.

Tun daga kan gada ya hango ginin, ƙato, zagayayye, kamar an kife hular soja a tsakiyar fadama. Wata doguwar mata mai gilashi ta karɓe su a ƙofa, ta shiga gaba tana zuba Turanci, ta ce ginin ya girmi yawancinsu, ta lissafa manyan taruka da aka yi a cikinsa tun zamanin da. Ta kai su babban ɗakin. Kujeru hawa bisa hawa har wuyan mutum ya gaji, ga sanyi, ga fitilu, dandamalin kuwa ya isa a shanya gyaɗar unguwa guda a samu wurin wucewa. Malam Da'u ya tsaya yana kallo. Wai duk wannan masu kiɗa da rawa aka gina wa. A garinsu makaɗi ko tabarmar zaure ba a shimfiɗa masa, daga bakin ƙofa yake tsayawa ya yi abin da ya kawo shi, a miƙo masa nasa, ya ƙara gaba. Ikon Allah, ashe nan su ne masu gida.

Akwai wasu Turawa da aka haɗa su tafiya tare, da gajerun wanduna, suna ɗaukar hoton duk abin da suka gani, har bokitin kashe gobara bai tsira ba. A wani ɗaki da aka jera kayan kiɗa na kowane sashe na ƙasar nan, matar ta ce waɗancan na cikin gilashi ba a taɓawa, amma na kan tebur kowa ya gwada. A nan ne ɗaya daga cikin Turawan ya ɗauki gangar noma, ya rataya ta a wuya ta juye, ya hau dukanta da tafin hannu irin na mai kakkaɓe katifa. Sauran suka yi ta dariya suna tafa masa.

Malam Da'u bai yi dariya ba. Ransa ne ya ɓaci, shi kansa bai san dalili ba. Ya matsa ya ce wa Baturen ba haka ake yi ba, ya karɓa, ya gyara maratayin, ya ɗora ta a kafaɗar hagu, ya ɗauki sandar kiɗan. Wallahi nufinsa ya nuna riƙo kawai ya ajiye. Hannu ya ƙi. Taken manoma ya fito, wanda ake yi idan gayya ta doshi ƙarshen gona, ƙarfin mutane ya fara ƙarewa, ana son a tayar da su. Ɗakin ya ɗauka. Masu shara suka ajiye tsintsiya suka leƙo. Da ya tsaya aka yi masa tafi, mai gilashin ta tambaye shi wace ƙungiya yake yi wa wasa, Baturen ya riƙe hannunsa yana ta girgizawa. Kamalu kuwa, Allah ya yi masa albarka, ya ɗauki abin tun daga farko har ƙarshe a waya, ya tura wa guruf ɗin ma'aikata, ya rubuta a ƙasa cewa ogansu ya girgiza Legas. Kafin motarsu ta iso Kano, bidiyon ya riga su zuwa Ajingi.

Abin da Kamalu bai sani ba, masu binciken Ajingi kuma ba su tono ba, shi ne Malam Muhammad Bashir, wanda Da'u ke amsa sunansa a matsayin uba, kawunsa ne, wan mahaifiyarsa. Mahaifinsa Haruna ne, makaɗin noma a wani ɗan ƙauye bayan Kademi. Ya rasu Da'u na ɗan shekara goma. Kawun, wanda tun farko bai yafe wa ƙanwarsa auren makaɗi ba, ya ɗauko yaron ya kawo Gaya, ya sa shi makaranta da sunansa, ya ce daga ranar babu ganga babu zancenta. Waɗanda suka san labarin a Gaya sun riga mu gidan gaskiya. Masu bincike da suka zo, gidan malamai aka nuna musu, suka ga alluna a zaure, suka yi hamdala suka juya.

A gidansa ma matarsa Karimatu ce kaɗai ta sani. Da safen nan ta tare shi a ƙofar ɗaki yana sa takalmi, ta ce yaron nan tun jiya ko ruwa bai sha ba, kuma in ya rasa yarinyar nan a kan ganga ita ba ta san da bakin da za ta yi masa bayani ba. Ta ce ya ce musu a talabijin ya gani. Shi dai ya ƙarasa sa takalminsa ya fita.

Shagon Alhaji Maiwada na bakin kasuwar hatsi, buhunan dawa da masara har rufi. Muzammil ya kashe babur can nesa ƙarƙashin wata darbejiya, ya ce shi a nan zai jira, don ba a zama da surukai. Malam Da'u ya shiga shi kaɗai. Ya tarar da Alhaji a kan kujera, da dattawa biyu na unguwa a kan benci, waɗanda aka kira don su zama shaida. A kusurwa kuma, kan buzu, ga Baba Yahya, mahaifin Alhaji, kakan yarinyar, tsohon da ya yi suna a noma a zamaninsa, yanzu kuwa ana fito da shi kasuwa ne don ya sha iska ya yi gyangyaɗi.

Aka yi gaisuwa mai tsawo. Aka tambayi gida, aka tambayi aiki, aka tambayi gajiyar hanya. Alhaji ya tambayi Legas, bai jira amsa ba ya tambayi taki, ko bana zai iso kafin ruwa ya zauna, ko kuma sai an yi girbi kamar yadda aka saba. Malam Da'u ya gane cewa mutumin nan ba ya son auren ya lalace. Ina zai so? Suruki a ofishin gona ba kullum ake samu ba. Abin da yake nema magana ce da zai ɗauka ya kai cikin gida da ƙofar masallaci.

"Malam Da'u," in ji Alhaji bayan ya gyara zama, "mu fa ba mu da matsala da kai. Ni da na gani dariya ma na yi. Mata ne a cikin gida suka tayar da hankalinsu, ka san halinsu. Wai hannun nan ba na ɗan koyo ba ne. Gidanmu kuwa tun kaka da kakanni ba mu taɓa haɗa iri da maroƙa ba. Ba raini ba ne, kowa da inda Allah ya ajiye shi."

Yana rufe baki wayarsa ta ɗauki ƙara. Waƙa ce da wani mawaƙi ya yi masa shekarar da ya nemi kansila bai samu ba, kalangu na tashi, 'yan amshi na amsawa. Alhaji ya duba ya ga mai kiran, bai ɗauka ba, bai kuma kashe ba. Ya bar ta tana yi har aka zo baitin da aka ambaci sunansa da na shagonsa, sannan ya danne ta ya ce mutane ba sa barin mutum ya huta. Dattawan suka ce wallahi kuwa.

Malam Da'u ya yi bayanin da ya shiryo tun daga gida. Ya ce wurin na 'yan kallo ne, kowa ya shiga sai an ba shi wani abu ya taɓa, har Turawa ma sun buga. Ya ce aikin gona ya kai shi ƙauyuka da yawa, ya ga gayya iri-iri, kunne kuma yana ɗaukar abu ba da sanin mai shi ba. Bai yi ƙarya ko ɗaya ba, ya lura da wannan, har ya ɗan ji daɗin kansa. Dattawan suna ta gyaɗa kai. Ɗaya ya ce shi ma jikansa yana kwaikwayon kukan mota, amma ai bai zama direba ba. Magana ta kusa mutuwa a nan. Sai Alhaji, don ya nuna adalci, ya ce bari a sake kallon abin tare kowa ya ga ba wani abu ba ne. Ya kunna, ya ƙure murya.

Kiɗan ya cika shagon. Baba Yahya, wanda tun shigowar baƙo bai motsa ba, ya ɗago kai. Ya karkata kunne. Ya ce a mayar da shi baya. Alhaji ya ce masa ba komai ba ne, gara ya koma barcinsa. Tsohon ya ce a mayar, da muryar da ta sa Alhaji ya mayar.

"Wannan ai hannun Haruna ne," in ji Baba Yahya. "Haruna na bayan Kademi."

Dattawan suka dubi juna. Shi kuwa tsohon baki ya buɗe. Ya ba su labarin wata gayya da aka yi a Gafasa yana saurayi, garuruwa suka haɗu a gona ɗaya, rana ta take, maza suka fara zamewa suna neman inuwa. Ya ce Haruna ya biyo shi a baya da ganga yana kiran sunansa da ita, shi kuwa ya yi ta zuba garma bai san tafin hannunsa ya fashe ba sai da ya kai ƙarshen gona ya ga jini a ƙota. Ya ce tun daga ranar aka san shi a ƙasar nan, matar da ta haifi Alhaji ma a wurin ta fara ganinsa. Ya sa aka sake mayarwa, ya ɗaga yatsa ya nuna wani wuri da kiɗan ke yankewa kamar ya faɗi sannan ya kamo kansa. Ya ce duk makaɗan da ya sani, ba mai yin wannan sai Haruna. Idanunsa sun kawo ruwa, yana murmushi da ragowar haƙoransa.

Malam Da'u ya san gayyar. Yana wurin. Shi ne yake riƙe wa mahaifinsa gorar ruwa.

Alhaji ya yi 'yar dariya, ya ce wa dattawan tsufa ke nan, jiya ma Baba ya kira shi da sunan ƙaninsa da ya rasu. Sannan ya juyo, fuskarsa a sake, idonsa kuwa yana roƙo.

"Malam Da'u, don dai hankalin kowa ya kwanta. Kai ɗan Malam Bashir ne, kowa ya sani. Ka san wani Haruna?"

Ta ƙofar shagon ana hango darbejiyar. Muzammil na tsaye jikin babur, waya a hannu wai dubawa yake, wuyansa kuwa ya miƙo nan. Yaron da bai taɓa neman komai a wurinsa ba sai wannan. Malam Da'u a zauren malamai ya tashi, ya san abin da littafi ya ce a kan mutumin da ya ƙi ubansa, ba sau ɗaya ya ji an karanta ba. Ya nemi wata dabarar irin ta ɗazu, maganar da ba ƙarya ba kuma ba gaskiya ba. Ya duba ko'ina a kansa, babu.

"Ban san shi ba," ya ce.

Alhaji ya sauke numfashi, dattawan suka ce to alhamdu lillahi. Baba Yahya ya daɗe yana kallon baƙon. Ba kallon tuhuma ba ne, da ma shi ne da ya fi sauƙi. Kallon wanda aka ƙwace wa abu ne.

"Allah sarki," in ji tsohon. "Mutumin kirki. Ko goro ka ba shi sai ya raba da kai. Ya bar yaro ɗaya, ɗan siriri haka, yana bin sa da 'yar ƙaramar ganga. Ko ina yaron nan ya shiga?"

"Allah kaɗai ya sani, Baba," in ji Malam Da'u.

Alhaji ya ce wataƙila yana can wata tasha yana yi wa direbobi roƙo, irinsu ai ba sa wuce nan. Dattawan suka yi dariya. Suka dubi Malam Da'u, shi ma ya yi. Ya ji ta tana fita daga bakinsa, ya ji ya tsani kansa, ya tsani Alhaji da buhunansa, ya tsani Kamalu da wayarsa, ya tsani Baturen da bai iya rataya ganga ba. Tsohon ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya ja mayafinsa ya koma ya jingina da bango.

Daga nan komai ya tafi sumul. Aka ce a bar rana sai bayan kaka, lokacin kowa ya samu sararin kansa. Aka shafa fatiha. Alhaji ya ce yau ɗin nan zai shiga gida ya ja wa mata kunne, ɗan malamai guda a riƙa yi masa wannan zato, abin kunya. Ya ba da shawara, a matsayinsa na ɗan'uwa yanzu, cewa in an sake zuwa irin wuraren nan a riƙa sa hannu a aljihu. Ya rako shi har bakin shago yana riƙe da hannunsa, ya ce maganar takin nan dai kada a manta da su.

Muzammil bai tambaya ba, fuskar Alhaji ya karanta daga nesa. Da uban ya iso ya ce masa bayan kaka, yaron ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya ce Allah ya ƙara girma, ya ce Allah ya saka da alheri, ya rasa abin da zai ƙara ya sake cewa Allah ya ƙara girma. Ya share wa uban wurin zama da hannun rigarsa. Malam Da'u ya hau.

Ba su yi nisa ba wata babbar mota ta tare hanyar fita kasuwa, ana loda mata buhuna, dole suka tsaya. Mutane na ta kutsawa ta gefensu, mai rake, mai tura kura, mata da ƙwarya. Muzammil ya sauke ƙafa ɗaya ƙasa. Murna ta hana shi zama shiru, ya fara buga tankin babur da yatsu. Malam Da'u ya ji, bai gane ba da farko, sannan ya gane. Taken ne. Yaron ya kalli bidiyon nan har ya zauna masa. Ya zo wurin da kiɗan ke yankewa, ya sake shi, ya kamo shi daidai, ba wanda ya taɓa nuna masa.

Malam Da'u ya miƙa hannu ta gefensa ya damƙe wuyan hannun yaron. Ya waiga. Shagon Alhaji na nan a bayansu, ƙofa a buɗe.

"Yi haƙuri, Abba," in ji Muzammil yana dariya ƙasa-ƙasa. "Wallahi kiɗan ne da daɗi. Ni duk abin nan ban tambaye ka ba. A ina ka koya?"

Babbar motar ta ja gaba, hanya ta buɗe, na baya suka fara yi musu hon. Malam Da'u bai saki hannun ba tukuna.

"A Legas," ya ce. "Ja mu tafi."